Daga Richardson Zuwa Sleipner: Tarihin Yadda Aka Koya Wa Kwamfuta Auna Kuskurenta

Zan fara wannan maƙala da wata kunya da na taɓa ji, domin ita ce ta kai ni ga tarihin da nake so mu duba tare.

A shekarata ta farko ta karatun digiri na uku a fannin injiniyan gine-gine a nan Ingila, an ba ni aikin lissafa nauyin da wani bangon kankare mai lanƙwasa zai iya ɗauka. Na shafe kwana tara ina fama da manhajar, har dai a ƙarshe ta fitar mini da hoto mai ban sha'awa, ga ja, ga kore, ga shuɗi, sai ka ce atamfar sallah. Na ɗauka na nufi ofishin malamin da ke duba aikina ina ta murmushi. Ya dubi hoton bai ce uffan ba, sannan ya ɗora yatsa a kan lambar da na rubuta a ƙasa ya ce, "Wannan lamba da nawa ta kauce wa gaskiya?" Na ce, "Malam, ai kwamfuta ce ta ba ni ita." Ya ce in koma in ninka yawan gunduwoyin lissafin, in dawo masa da abin da na samu. Da na yi hakan, sai lambar ta tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bango ɗaya, manhaja ɗaya, amsa biyu. Daga baya ne na gane cewa tambayar da ya yi mini ta girme shi, ta ma girmi kwamfutar kanta.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san abin da ake lissafawa. Kusan duk abin da injiniya ke hulɗa da shi, kama daga yadda zafi ke ratsa bango, da yadda ruwa ke gudu a bututu, har zuwa yadda fiffiken jirgin sama ke lanƙwashewa, ana bayyana shi ne da wani nau'in ikweshon da ke faɗin yadda abu ke sauyawa daga wuri zuwa wuri da kuma daga lokaci zuwa lokaci. D'Alembert ya rubuta na rawar tsirkiya a 1747, Fourier ya fitar da littafinsa a kan zafi a 1822, Navier da Stokes kuma suka bar mana na ruwa da iska. Rubuta su ba shi ne wahala ba, warware su ne jidali. In ban da siffofi masu sauƙi irin da'ira ko murabba'i, ba a iya samun cikakkiyar amsa da alƙalami. Saboda haka sai a yi dabara: a shimfiɗa wa abin raga irin ta masunta, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a nemi amsa a kan kowace gunduwa, sannan a harhaɗa. Amsar da za ta fito kusa da gaskiya take, amma akwai tazara a tsakaninsu, kuma wannan tazarar ita ake kira kuskure a wannan fanni. Ko da babu wanda ya yi sakaci, tana nan.

Mutumin farko da nake ganin ya ɗauki wannan tazara da muhimmanci shi ne Lewis Fry Richardson, Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1881. A 1910 ya gabatar da wata doguwar takarda a kan yadda za a warware irin waɗannan ikweshon da lissafin hannu, misalin da ya yi aiki da shi kuwa shi ne ƙarfin da ke danne madatsar ruwa ta dutse. A nan ne ya fara nuna dabarar da ya faɗaɗa a 1927, wadda har yau ake kira da sunansa. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ka yi lissafi da raga mai manyan idanu, ka sake yi da wadda idanunta rabin na farko ne, sai ka kwatanta. A hanyoyi da dama, idan aka rage idon raga da rabi, kuskure kan ragu sau huɗu. To, alal misali, idan lissafin farko ya ba ka 100, na biyu ya ba ka 106, bambancinsu 6 ne, ka raba shi uku ka samu 2. Wato amsarka ta biyu ta gaza da kusan 2, gaskiya tana wajen 108. Ka ga ke nan mutum ya auna nisansa da gari ba tare da ya taɓa shiga garin ba. Abin da malamina ya sa ni in yi ke nan, ni kuwa a lokacin ina ganin wahalar da ni kawai yake so ya yi.

Shi wannan Richardson ɗin ne kuma ya yi hasashen yanayi na farko ta hanyar lissafi. Ya yi aikin ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Faransa, domin aƙidarsa ta hana shi ɗaukar makami. Ya ɗauki bayanan ranar 20 ga Mayu, 1910, ya yi makonni yana lissafin abin da zai faru cikin awa shida kacal, sai amsa ta nuna masa cewa nauyin iska zai sauya da miliba 145, alhali a zahiri kusan bai motsa ba. Abin da ya burge ni da shi, bai ɓoye wannan mummunar amsa ba, ya buga ta a littafinsa na 1922 kowa ya gani. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa, masanin yanayi ɗan ƙasar Ayalan, Peter Lynch, ya sake lissafin da kwamfuta, ya nuna cewa hannun Richardson bai yi tuntuɓe ba, bayanan da ya fara da su ne ba su daidaita da juna ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu dawo gare shi.

Daga nan zan ɗan yi sauri. A 1928 Courant da Friedrichs da Lewy a Jamus suka nuna cewa akwai iyakar da takun lokaci ba zai wuce ba idan aka kwatanta shi da girman idon raga, in ba haka ba lissafi ya wargaje. A 1943 Courant, wanda a lokacin ya koma Amurka, ya kawo shawarar a yanka abu zuwa ƙananan alwatika, amma ba a kula shi sosai ba, tunda babu na'urar da za ta ɗauki aikin. Injiniyoyin jirgin sama ne suka sake gano hanyar da kansu: takardar Turner da Clough da Martin da Topp ta 1956 ta fito ne daga aikin kamfanin Boeing, kuma Ray Clough ne ya raɗa mata suna a 1960. Ni dai a wannan maƙala zan riƙa kiranta hanyar gunduwa-gunduwa. A ƙasar Sin, Feng Kang ya isa ga hanyar shi kaɗai ya buga a 1965, a Swansea kuma Olgierd Zienkiewicz ya fitar da littafin farko a kanta a 1967, wanda da yawa daga cikinmu muka yi fama da sababbin bugunsa a laburare.

Wani abin da na lura da shi ina karanta tarihin waɗannan mutane shi ne, kusan kowannensu ya bi ta kan madatsar ruwa. Richardson da ita ya fara, Zienkiewicz a kanta ya yi digirinsa na uku, Feng Kang lissafinta ne ya ja shi zuwa ga hanyar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Madatsar ruwa ba a gina ta gwaji a ga ko za ta fashe, sau ɗaya ake gina ta, kuma akwai mutane a ƙasanta. Wanda ya san abin da ya faru a Bagauda a 1988 ko a Alau a 2024 ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da fashewar dam ke nufi, duk da cewa musabbabin waɗannan daban ne da abin da muke magana a kai.

To, shi ma gwarzon wannan labari ta nan ya biyo. Ivo Babuška an haife shi a birnin Prague a 1926, kuma a shekarun 1950 ya jagoranci lissafin madatsar Orlík da ke kan kogin Vltava, inda damuwar ita ce zafin da kankare ke fitarwa idan yana bushewa, wanda kan iya tsaga shi. A 1968 ya bar ƙasarsa ya koma Jami'ar Maryland a Amurka. A wancan zamani masana lissafi sun riga sun tabbatar da cewa idan aka ci gaba da ƙanƙanta idon raga, amsa za ta ci gaba da kusantar gaskiya. Sai dai wannan tabbaci nasu yana ɗauke da abubuwan da suka dogara ga amsar gaskiya, wadda ita ce ba a sani ba. Kamar a ce wa matafiyi idan ya ci gaba da tafiya zai isa, amma ba a faɗa masa ko saura mil biyu ne ko ɗari biyu ba. Injiniyan da zai sa hannu a takarda gobe da safe, wannan ba ta fishshe shi ba.

A 1978 Babuška da abokin aikinsa Werner Rheinboldt suka buga takardu biyu da suka juya tambayar. Suka ce a bar hasashen kuskure kafin aiki, a ƙiyasta shi bayan aiki, daga amsar da kwamfuta ta riga ta bayar. Yadda abin yake, ka ɗauki amsar ka mayar da ita cikin ikweshon ɗin. Da a ce cikakkiya ce, da ɓangarorin biyu sun daidaita cif. Tunda ba cikakkiya ba ce, za a samu giɓi a cikin kowace gunduwa, kuma za a ga ƙarfin da ke fita daga wannan gunduwa bai yi daidai da wanda ke shiga maƙwabciyarta ba. Mai kanti ma haka yake yi da daddare: bai san wanda ya yi masa ƙwange ba, amma idan ya gwada kuɗin aljihun tebur da abin da ke littafi, ya san nawa ya ɓace, idan kuma yana rubuta kowane kaya daban, ya san a wane layi giɓin yake. Abin da Babuška da Rheinboldt suka tabbatar shi ne, wannan giɓi da ake iya lissafawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ainihin kuskuren da ba a gani.

Amfanin wannan ya wuce sanin yawan kuskure, domin yana nuna inda kuskuren ya taru. Kuma sanin kowa ne a wannan fanni cewa kuskure ba ya bazuwa daidai wa daida. Yana son kusurwa, yana son bakin tsaga, yana son wurin da abubuwa biyu mabambanta suka haɗu. Misalin da ake koya wa kowane ɗalibi shi ne fili mai siffar harafin L. A kusurwar da ta shigo ciki, amsa kan sauya da tsananin sauri, ta yadda idan kana ƙanƙanta raga ko'ina bai ɗaya da gunduwoyi mafi sauƙi, kafin ka rage kuskure sau 10 sai ka ninka yawan gunduwoyi kusan sau 1,000. Idan kuwa ka tara ƙananan gunduwoyi a kusurwar ka bar sauran wurare da manya, sau 100 ya wadatar. Daga nan aka samu zagayen da ake bi har yanzu: a warware, a ƙiyasta kuskuren kowace gunduwa, a yi wa masu laifi alama, a tsattsaga su, a sake warwarewa. Raga ce mai gyara kanta, tana matsewa inda kifi yake.

A ɓangaren masu lissafin iska da ruwa, inda wurin matsala ba ya zama wuri ɗaya, Marsha Berger ce ta buɗe hanya. Ita da malaminta Joseph Oliger na Jami'ar Stanford sun nuna a 1984 yadda za a riƙa ɗora ƙananan raga a kan babba, suna bin igiyar girgiza duk inda ta nufa, ana ɗauke su idan ta wuce, kuma abin sha'awa, da dabarar Richardson suka riƙa gane inda ake buƙatarsu. Ta ƙara inganta hanyar tare da Phillip Colella a 1989, kuma da irinta ake bin igiyar tsunami daga tsakiyar teku har ta shiga tashar jiragen ruwa. A 1987 kuma Zienkiewicz da ɗalibinsa Zhu suka kawo wani ma'aunin kuskure mai sauƙin sakawa a manhaja, wanda ya fi kowanne karɓuwa a wurin injiniyoyi.

Wato zuwa ƙarshen shekarun 1980 ilimin yana nan a mujallu. Amma daga mujalla zuwa ofishin zane akwai tafiya, kuma abin da ya faru a ƙasar Norwe ya nuna tsawonta.

Ranar 23 ga Agusta, 1991, a mashigin teku na Gandsfjord kusa da birnin Stavanger, ana gwajin gindin kankare na dandamalin haƙo iskar gas mai suna Sleipner A. Gindin ya ƙunshi manyan rumbuna 24 na kankare da aka manna da juna, huɗu daga ciki an ja tsawonsu sun zama ginshiƙan da za su ɗauki benen da ke da nauyin tan 57,000. Ana zuba masa ruwa a hankali don ya nutse zuwa zurfin da za a ɗora masa benen, sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi, ruwa ya fara kwarara cikin ɗaya daga ginshiƙan fiye da yadda famfuna za su iya kwashewa. An kwashe mutanen da ke kai, babu wanda ya rasa ransa, amma cikin 'yan mintoci ginin ya nutse, ya ragargaje a ƙasan teku mai zurfin mita 220. Na'urorin auna girgizar ƙasa sun nuna maki 3.0 a ma'aunin Richter. An ƙiyasta asarar da kusan dala miliyan 700.

Cibiyar bincike ta SINTEF ta bi diddigin lamarin. Duk inda rumbuna uku suka haɗu, akwai wani fili mai kusurwa uku a tsakaninsu wanda ruwan teku ke cikawa, saboda haka bangayensa ne ke ɗaukar matsin ruwa mai yawa. An lissafa wannan wuri da manhajar NASTRAN, wadda sananniya ce kuma ba a same ta da laifi ba. Laifin yana ga ragar da aka ba ta: gunduwoyin da ke kusurwar manya ne kuma karkatattu, sannan aka ɗauki amsarsu aka miƙa ta zuwa wurin da ake buƙata. Sakamakon haka aka raina ƙarfin da ke neman yanke bangon da kashi 47 cikin 100. A kan wannan lamba aka yanke kaurin bango, ga shi kuma rodin da aka sa a wurin bai shiga ciki sosai ya kama ba. Da aka sake lissafin da raga mai kyau bayan hatsarin, sai ya nuna cewa bangon zai karye a zurfin mita 62. Ya karye ne a mita 65. Duk lokacin da na karanta waɗannan lambobi biyu sai jikina ya yi sanyi, domin ma'anarsu ita ce ikweshon ɗin ya san abin da zai faru tun kafin a zuba kankare, ba a dai tambaye shi da kyau ba ne. An sake gina gindin, a wannan karon ana gwada amsar kwamfuta da lissafin hannu, aka fara fitar da gas a 1993.

Shekarun da suka biyo baya na masana lissafi ne. Willy Dörfler ya tabbatar a 1996 cewa idan a kowane zagaye aka tsattsaga gunduwoyin da ke ɗauke da wani ƙayyadadden kaso na jimlar kuskure, a ce rabi, to dole kuskuren ya riƙa raguwa. Rob Stevenson ya kammala hujjar a 2007 cewa hanyar tana kaiwa ga amsa da mafi ƙarancin wahalar da za a iya fata. Kusan shekara talatin ke nan ana amfani da abu kafin a gama tabbatar da shi, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakanin injiniyoyi da masana lissafi. Amma a ganina, ci gaban da ya fi amfani shi ne na Roland Becker da Rolf Rannacher na Jami'ar Heidelberg, daga tsakiyar shekarun 1990. Sun lura cewa injiniya ba ya damuwa da kuskure a dunƙule, lamba ɗaya yake nema: nawa gada za ta lotsa a tsakiya, ko nawa ne ƙarfin da ke kan wancan bango. Sai suka nuna yadda za a warware wata matsala ta biyu da ke faɗin irin tasirin da giɓin kowace gunduwa ke yi a kan wannan lamba, a tsattsaga masu tasiri, a ƙyale sauran ko da giɓinsu babba ne. A wannan gida ne aka fara manhajar deal.II a 1998, kuma kyauta ce, haka ma FEniCS da aka fara a 2003. Duk ɗan'uwan da zai koma gida inda kuɗin lasisin manyan manhajoji ya fi ƙarfin sashensa, yana da kyau ya koyi ɗaya daga cikinsu tun yana nan.

Sai dai kada in yi wa mai karatu romon baka. Duk waɗannan ma'aunai suna faɗa maka nisanka da amsar ikweshon ne kawai. Ba su san ko ikweshon ɗin ya dace da abin da ke ƙasa ba, ba su san ko ƙarfin simintin da ka rubuta shi ne wanda birkila ya kwaɓa ba. Miliba 145 ɗin Richardson, ko da ya ƙanƙanta ragarsa sau dubu, ba za su gyaru ba. Shi ya sa Babuška, bayan ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a 1995, ya karkata ƙarshen rayuwarsa ga wannan tambaya ta biyu, ta gwada lissafi da zahiri da kuma auna rashin tabbas ɗin bayanan da ake shigarwa, har ya rasu a 2023. Mujallar injiniyan ruwa ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME tun a 1986 ta sanar cewa ba za ta karɓi takardar lissafi da aka yi da raga ɗaya tak ba, amma har yanzu nakan ga kundin digiri, namu da na wasu, cike da hotuna masu launi babu ko shafi ɗaya da ke nuna an gwada raga ta biyu.

Game da bangona kuwa, labarin bai ƙare a zagaye na biyu ba. Na sake ninka gunduwoyin, lambar ta sake tashi, na ƙara, ta ƙara. Na koma wurin malamina a ruɗe na ce masa amsar ta ƙi tsayawa. Ya tambaye ni a ina nake karanta lambar, na nuna masa daidai kan kusurwar da ta shigo ciki. Ya yi dariya ya ce ko shekara zan yi ba za ta tsaya ba, domin a kan kusurwa mai kaifi irin wadda na zana, ikweshon ɗin kansa cewa yake ƙarfin ba shi da iyaka, kuma babu maginin da zai iya fitar da kusurwa mai kaifin haka da kankare. Na lanƙwasa kusurwar daidai da yadda take a zanen gini, na daina neman ƙarfi a kan ɗigo ɗaya, na koma neman jimlar ƙarfin da ke ratsa kaurin bangon. A zagaye na huɗu lambar ta zauna, bambancinta da ta zagaye na uku bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a babi na uku na kundina na rubuta ta tare da wata lamba ƙarama a gefenta, wadda ke faɗin iyakar abin da nake zaton ta kauce.